Jakaranda a ƙofar gida a Kano: za ta yi, ko ɓarnar ruwa ce?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Watan jiya muka tare a sabon gidanmu can bayan gari ta hanyar Gwarzo, kuma unguwar fayau take, ko inuwar da akuya za ta raɓa babu. Duk wanda ya sayi fili abin da yake fara yi shi ne sare abin da ya tarar a ciki. Ɗakin yarana yamma yake kallo, daga azahar bangon sai ya ɗau zafi kamar tanda, har bayan isha'i in ka dafa shi za ka ji ɗumi. Na daɗe ina ganin hotunan wata bishiya mai fure shunayya, wai jakaranda, titi guda ya rufe da furenta sama da ƙasa. Raina ya biya ƙwarai. Na tambayi wani mai fulawa a bakin titi ya ce yana da ita a leda. Tsakanin katangarmu da kwata bai fi mita 3 ba. Don Allah wanda ya sani, za ta yi a Kano? Kuma shekara nawa kafin ta yi fure?

Mai Fulawa: Wa alaikumus salam Hajiya. Za ta yi mana. Ni sana'ata ke nan, kuma babu abin da ba ya yi a Kano in dai za a ba shi ruwa da taki. Ki saya kawai ki dasa.

Ɗalibin Firitoriya: Anti, hotunan da kike gani yawancinsu na garin da nake karatu ne, Firitoriya a Afirka ta Kudu. Ba ƙarya a cikinsu. A watan Oktoba in ka fito da safe sai ka ga motocin da suka kwana a gefen titi sun lulluɓe da fure, kana takawa yana ɗan fashewa a ƙarƙashin takalmi. Lokacin ne kuma ake shiga jarrabawar ƙarshen shekara, har ɗalibai na cewa wanda fure ya faɗo wa a ka zai ci. Amma ki san abu biyu. Bishiyar ba 'yar Afirka ba ce, asalinta Ajantina da Bolibiya ne, a 1888 aka dasa biyun farko a garin nan, yanzu ana ƙiyasta sun kai 70,000. Na biyu kuma garin a kan tudu yake, wajen mita 1,300 sama da teku, kuma a watan Yuni da Yuli sanyin dare sai da bargo biyu. Wannan sanyin mai bushewa shi ke sa ta zubar da ganye ta huta, sannan ta fashe da fure lokaci guda. Nairobi da Harare da Adis Ababa ma da ake ganinta duk garuruwan tudu ne.

Abban Sadik na Jos: Ina da guda a gidana a Jos, mahaifina ya dasa ta tun ina firamare. Jos wajen mita 1,200 take, shi ya sa take jin daɗi a nan. Tana fure a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, kuma duk shekara sai masu wucewa sun tsaya ɗaukar hoto. Sai dai Hajiya inuwarta ba mai duhu ba ce. Ganyenta ƙanana ne kamar na tsamiya, ma sun fi siranta, rana na ratsowa ta tsakaninsu. Ga shara. In fure ya zuba aka yi yayyafi a kansa santsi yake yi a kan siminti, mahaifiyarmu ta taɓa zamewa a kai, Allah ya tsare ba ta karye ba. Tun daga nan kullum da asuba sai an share.

Maman Ilham: Subhanallah, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. To amma ai mu ma muna da hunturu, Disamba da Janairu sanyin Kano ba wasa ba ne. Wannan bai isa ba?

Baba Malamin Daji: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. 'Yata, tambayarki ta ƙarshe mai kyau ce, bari in amsa da abin da na gani cikin shekarun da na yi ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya.

Sanyin hunturunmu yana ɗan taimaka mata. Matsalar ita ce abin da ke biyo bayansa. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, a Afrilu zafi na haura digiri 40, iska kuma a bushe take ƙamas, ga wata bakwai ba ɗigon ruwa. Jakaranda za ta iya rayuwa a haka in ba a fasa ba ta ruwa ba, don haka Mai Fulawa bai yi ƙarya ba. Amma rayuwa daban, abin da kika gani a hoto daban. A ƙasa mai zafi furenta tsilla-tsilla yake zuwa, reshe nan reshe can. Kuma wadda aka tayar daga iri tana iya cin shekara 7 zuwa fiye da 10 kafin ta nuna fure ko ɗaya. Wadda aka yi wa aure da reshen babbar bishiya ta fi sauri, shekara 2 ko 3, amma na leda da ake sayarwa a bakin titi kusan duk daga iri ne.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Kafin mutum ya dasa kowace bishiya don inuwa, ya tambayi yadda take kasancewa a Maris da Afrilu. A Agusta kowa kore ne, har ƙaya. Bangon ɗakin yaranki a bazara yake gasa su, kuma daidai lokacin ne jakaranda ke tsaye tsirara ko da ɗan ganye kaɗan.

Mai Fulawa: Baba da girmanka, amma kada a kashe mana kasuwa. A Alƙahira ma akwai ta, kuma can hamada ce.

Baba Malamin Daji: Akwai ta ɗana, gaskiyarka. Amma Alƙahira tana da Nilu a gefenta, sanyinta kuma ya fi namu tsawo. Ita wannan baiwar Allah da ta yi tambaya, ban sani ba ko rijiyar burtsatse gare ta ko ruwan 'yan garuwa take saye. In na ce mata ta dasa, ni ba ni zan biya kuɗin jarka ba. Kasuwarka ba za ta mutu ba, akwai abin da za ka sayar mata wanda zai sa ta dawo ta yi maka godiya.

Maman Ilham: 'Yan garuwa ne Baba, ba mu haƙa ba tukuna.

Birkila: Hajiya ni ta ɓangaren gini zan yi magana. Mita 3 tsakanin katanga da kwata wuri ne ƙarami. Kuma sokawe ɗinku a ina yake? Yawancin gidajen sabbin unguwanni a waje ake haƙa shi, jikin katanga. Bara na je gyaran wani gida, an dasa bishiyar nan da masu fulawa ke kira ambirela, mai rassa hawa-hawa, taku biyu daga katanga. Da muka fasa simintin ƙasa sai ga saiwa kaurin cinyata ta bi ƙarƙashin tushen ginin ta shige bututun bayan gida, ta cika shi da gashin saiwa kamar an cusa soso. Katangar ta tsage tun daga ƙasa har sama. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin bishiyar sau ɗari. Duk babbar bishiya ni dai ina ba da shawarar a ba ta aƙalla mita 5 daga gini da sokawe. Sannan a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Inna ta Maraɗi: Sannunku da hira. Ɗiyata, in fure kike so mai ɗaukar ido wanda bai tsoron rana, filamboyan za ki nema. Nan Maraɗi da Yamai da Damagaram duk akwai shi, a makarantu da ofisoshin gwamnati. Shi zafi ma yake so. Lokacin da gari ya fi ƙuna, Afrilu zuwa Mayu, lokacin yake kamawa ja wur kamar an hura masa wuta, sai sabon ganye ya biyo baya. Nawa ni na shuka shi da hannuna daga iri. Kwasfarsa doguwa ce kamar takobi, ta fi rabin mita, yara na kaɗa ta kamar caki. Ƙwayar tana da tauri, in kika sa ta ƙasa haka nan sai ta yi wata da watanni ba ta motsa ba. Na goga gefenta a kan siminti har na ga ɗan fari, na jiƙa ta kwana ɗaya, cikin sati ta fito. A shekara ta biyar ya yi furen fari. Ranar har maƙwabta na kira su zo su gani.

Abban Sadik na Jos: Inna ai shi ma zubar da ganye yake yi da rani.

Inna ta Maraɗi: Yana zubarwa ɗana, ban ɓoye ba. Daga hunturu har zuwa fitar fure rassa ne kawai da kwasfa suna reto. Amma in damina ta kama, faɗin inuwarsa ya fi tsayinsa, tabarma huɗu muke shimfiɗawa a ƙasansa.

Birkila: Inna a yi haƙuri, amma shi ne babban abokin gabana. Saiwarsa a saman ƙasa take yawo, tana ɗaga intalok kamar ana buɗe littafi. A fili irin na makaranta ko tsakar babban gida ba laifi. A mita 3 kam a'a.

Baba Malamin Daji: Dukanku kun yi gaskiya. Filamboyan daga tsibirin Madagaska ya fito, ita ma ambirelar da Birkila ya ambata can ne asalinta. Ƙari a kan abin da aka faɗa, itacensa ba shi da ƙwari, gara na son sa, kuma iskar farkon damina tana yawan karya masa reshe. Kada a ajiye mota a ƙasansa in hadari ya haɗo.

Abu Hanif: Ni fa ban gane wannan wahala ba. A dasa darbejiya a huta. Ba ta son ruwa, akuya ba ta cika damunta ba, ganyenta na nan a bazara, ga maganin zazzaɓi. Fure ci ake yi?

Maman Ilham: Malam ban raina darbejiya ba, a ƙarƙashinta na girma. Amma don Allah laifi ne mutum ya so abu mai kyau a ƙofar gidansa? Duk layin da ka shiga darbejiya, duk makaranta darbejiya. Na yi shekara 11 ina haya ina tara kuɗin wannan gida. Ina so yarana su tashi su san akwai wata da bishiyar gidansu ke yin ado, su riƙa jiran sa.

Abu Hanif: Ba laifi ba ne Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Ni dai na ga an fi buƙatar inuwar ne. Ko mangwaro ma, ga inuwa ga 'ya'ya, ga ladan duk wanda ya ci, mutum ko tsuntsu, kamar yadda ya zo a hadisi.

Inna ta Maraɗi: Wanda ya zauna a inuwa ya huta shi ma ai ya amfana, ƙudan zuma kuma daga fure suke ci. Amma kan dogon yaro ina bayanka. Wanda ya san kwarin Majiya a jihar Tawa ya san aikin da ya yi. Tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iska, gonakin da rairayi ke binnewa suka dawo suna ba da hatsi.

Baba Malamin Daji: Ita ma darbejiyar da muke gani kamar tamu baƙuwa ce, daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Kenan baƙunta ba aibi ba ne, abin dubawa shi ne ko baƙon zai iya da gidan. Ɗalibinmu na Firitoriya zai gaya muku yadda ta kaya da jakaranda a can.

Ɗalibin Firitoriya: Haka ne Baba. Ta ji daɗin ƙasar har ta fara bazuwa cikin daji da bakin rafuka, don irinta mai fuka-fuki ne, iska ke ɗaukar sa. A 2001 gwamnati ta sa ta cikin jerin baƙin tsirrai masu mamaye wuri, aka hana sayarwa da dasa sababbi. Daga baya aka sassauta wa birane.

Baba Malamin Daji: To 'yata, maganar da kika yi ta shekara 11 ta taɓa ni, kuma ba na so ki bar zauren nan da sanyin gwiwa. Akwai abin da ke ci mini rai tun ina aiki. Muna da itatuwan ado a dajinmu, mun bar su ana yin gawayi da su, muna neman na hoto.

Kin san sansami? Wasu na ce masa jiri. Dangin jakaranda ne na jini, gida ɗaya masana suka sa su, har Turawa na kiransa jakaranda mai ruwan hoda. Furensa kamar ƙaramin kakaki, ruwan hoda mai ɗan duhu da jan zane a ciki, ga ƙamshi. A tsakiyar rani yake yi, ba wanda ya ba shi ko kofi ɗaya na ruwa. Na taɓa tafiya rangadi da babur a watan Fabrairu, daji duk ya ƙone ya yi baƙi, sai na hango guda ɗaya a gefen wani dutse ta yi fure tun daga sama har ƙasa. Na kashe babur na zauna na fi rabin awa ina kallo. A garinmu tsofaffi ba sa bari a sa itacensa a murhu, suna cewa hayaƙinsa na sa jiri, wataƙila shi ya sa ya tsira a wasu gonakin. Kuma ba ya girma ya zama dodo, matsakaici ne, zai zauna a wuri irin naki.

Sai marga, wadda wasu ke kira gama-faɗa. Furenta rawaya ne, zara-zara yana lilo kamar an rataya sarƙoƙin zinariya, ita ma a ƙarshen rani. Ga minjirya mai jan fure, ga gurjiya. Duk waɗannan sun san Afrilunmu.

Mai Fulawa: Baba wallahi shekarata 9 a sana'ar nan ba wanda ya taɓa tambayata sansami. Ko irinsa ban taɓa riƙewa ba.

Baba Malamin Daji: Ba a tambaya ne don ba a gani a wurinku ba. Irinsa na cikin wata doguwar kwasfa siririya mai murɗewa, kuma ba ya daɗewa yake mutuwa, sai a shuka shi da wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce 'ya'yan da ke tsirowa daga saiwar uwar. A farkon damina ka sare saiwar gefe da gefe, ka ɗauke ɗan da ƙasarsa ka sa a leda a inuwa har ya kama. Marga kuma ƙwayarta tauri gare ta, yadda Inna ta yi wa filamboyan haka za ka yi mata.

Abban Sadik na Jos: Amma Baba ka ce a duba Maris da Afrilu. Sansamin ma ai ba ganye a lokacin.

Baba Malamin Daji: Madalla, ka kama ni da maganata, kuma haka ne. Shi ya sa ba zan ce bishiya ɗaya ta yi aiki biyu ba. Ado a ƙofar gida, sansami ko marga. Zafin ɗakin yara kuma a ba wa mai riƙe ganye. 'Yata, ta yamman nan akwai fili?

Maman Ilham: Akwai Baba, ta nan ne muka bar wurin da za mu yi shago nan gaba, ya kai mita 8 daga bangon ɗakin.

Baba Malamin Daji: To a dasa darbejiya ɗaya a can nesa da bangon, mita 5 ko 6. Rana in ta karkata yamma inuwa doguwa take yi, za ta iso bangon ba sai bishiyar ta matso ba. Cikin shekara 3 za ki fara jin bambanci. Maɗaci ya fi ta kyau da daraja amma yana da nawa, kuma girmansa ya fi ƙarfin wurin. Kafin ta taso, Birkila ya kafa miki 'yar rumfa ta zana ko ki ja wani abu mai yaɗo a jikin waya gaban bangon.

Yadda za ki dasa: ki haƙa rami tun yanzu, faɗi da zurfi kamar santimita 60. Ƙasar sama a gefe guda, ta ƙasa a gefe guda. Ki cuɗa ta saman da taki wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari, ɗanyen kashin shanu gara yake kira kuma yana ƙona saiwa. Ki zuba toka kaɗan. Kada ki dasa da ruwan farko, ki jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Wajen saye kada ki zaɓi mafi tsayi. Ki ɗaga ledar ki duba gindinta, in saiwa ta huda ta shiga ƙasa ko ta naɗe kamar gammo, ki bar ta. Mai tsayin gwiwa zuwa ƙugu ta fi saurin kamawa. A yanke ledar a cire, na sha tono bishiyar da ta ƙi girma in tarar da ledarta a jiki. Wuyan shukar ya tsaya daidai da bakin ƙasa, kada a binne shi.

Inna ta Maraɗi: Tunda ruwan saye ne, ga dabararmu. Ki samu tulu na ƙasa wanda ba a shafe ba, ki binne shi gefen shukar har wuya, ki cika ki rufe bakin. Yana tsatsafowa a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta shanye shi. Nawa sau biyu a sati nake cikawa da rani. Kuma ki kewaye da bulo ko ƙaya tun ranar farko, akuya dare ɗaya ta ishe ta.

Birkila: Bulo tara zuwa goma sha biyu sun isa, a jera su da tazara don iska ta shiga, ba sai an sa siminti ba.

Maman Ilham: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Allah ya ƙara girma. Na tsayar da shawara: darbejiya ta yamma, sansami a ƙofar gida. Amma ban haƙura da jakarandar gaba ɗaya ba. In Allah ya hore mana burtsatse zan gwada guda a tsakar gida, ko da reshe ɗaya ne ya yi fure ina so in gani da idona.

Abban Sadik na Jos: In lokacin ya yi ki yi magana Hajiya, zan aiko miki da iri daga tawa, kwasfar na nan birjik. Abu ɗaya, kada ki riƙa sare mata kai. In aka datse ta sai ta fitar da rassa miƙaƙƙu tsaye kamar sanduna, siffarta ta lalace.

Mai Fulawa: Baba, ni a ina zan samu uwar sansamin? In na samu zan tayar da ko ashirin ne, ta Hajiya kyauta.

Baba Malamin Daji: Akwai biyu a gonar ƙanina, kuma na ga 'ya'ya a gindinsu bara. Ka yi mini magana ta gefe in ruwa ya sauka sau biyu ko uku, sai mu je tare. Ka taho da diga da buhu, da ledoji masu ɗan zurfi.